Yadda muke haɗa ɗakin da za a zagaya a waya daga hotuna

Sana'armu ita ce ɗaukar hotunan ɗaki ko shago, mu haɗa su ta yadda mai saye zai zagaya wurin a allon wayarsa, har ya leƙa ta kusurwar da kyamara ba ta tsaya ba. Dillalan gidaje da masu sayar da kujeru su suka fi kawo mana aiki.

Wata fasahar kwamfuta mai suna NeRF, wadda ta fito a 2020, ita ta haɓaka wannan hanya, sai dai tana cin lokaci. Mu da wata fasahar, Gaussian Splatting, muke aiki, wadda ta fito a 2023. Tana gina wurin da miliyoyin ɗigo masu launi, kwamfuta tana ta gyara girmansu da mazauninsu, yawanci zagaye 30,000, har su dace da hotunan.

Amma a wajen ɗauka ake cin nasara ko a faɗi. Manhajar COLMAP ce ke gano inda aka tsaya a kowane hoto, ta hanyar bin alamomin da suka maimaitu. Shi ya sa kowane hoto sai ya haɗa kusan kashi 70 cikin 100 da na gabansa. Falo ɗaya kan ci hoto 150 zuwa 300, a zagaye uku: daidai gwiwa, daidai ƙirji, sannan sama da kai. Tafiya ake yi ana ɗauka. Wanda ya tsaya wuri guda yana juyawa bai ba manhajar abin auna nisa ba. A kulle saitin hasken kyamara don kada ya riƙa canzawa, a kashe fanka, a hana yara gilmawa. Farin bango fes ba shi da alamar da za a kama, madubi da tayil mai sheƙi kuma suna haifar da hazo da ke shawagi a tsakiyar ɗaki. In aka ɗauke wuta ana cikin aiki, launi ya canza, gara a sake daga farko.

Akwai sababbin manhajoji da ke yi da hoto uku ko biyar. Abin da ba su gani ba ƙirƙirarsa suke yi, bisa hotunan da aka horar da su. Don tallar kujera, babu laifi. A gidan da za a sayar kuwa ba ma yarda, domin za su iya shafe tsagewar bango ko su sa taga inda babu ita, mutum ya biya kuɗi a kan abin da bai wanzu ba.