Kada ku mayar da zauren karatu aji na biyu

Ƙannena da kuka fito daga Jami'ar Bayero (BUK) ko makarantar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi kuka fara riƙe alli, in kun ji ana cewa yaran Kano ba sa karatu, ku leƙa wayar da 'yar SS2 ke ara a wajen mamarta. Littafin da ake sakin sa shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad ba ya wuce ta, har tana roƙon marubuciya ta ƙaro. Iyayenta ma haka suka yi da littattafan haya na kasuwar Sabon Gari.

Ganin haka na buɗe wa ajina zaure a WhatsApp, kuma ni na kashe shi da hannuna. Na zuba musu littafin jarrabawar NECO gaba ɗaya a PDF, na biyo da tambayoyi, na ce akwai maki. Duk wadda ta yi sharhi sai na bi ta da gyaran ƙa'idar rubutu a gaban kowa, ina nuna mata inda ta bar ƙugiyar ƙ da ɗ. Sai zaure ya yi tsit, ba abin da ke shigowa sai "Juma'at Mubarak".

Ku koyi dabarar marubutan nan. Ku saki shafi biyu ko uku bayan isha'i, ku tsaya daidai inda rai zai so jin ƙarshe. Tambayarku ta zama mai tayar da gardama: wa ke da laifi, uwar ko ɗiyar? Wadda rubutu ke ba ta kunya ta turo murya. Gyaran rubutu kuwa ku bar shi sai a allo, ba tare da kiran suna ba.

Wayoyin nan yawanci ba nasu ba ne, don haka ku fara neman izinin iyaye, ku sa uwa ɗaya ko biyu a ciki. In namiji ne kai a makarantar mata, malama ta riƙe zauren. Kada ku saki littafin da ba ku karanta ba, domin wasu na intanet cike suke da batsa, kuma marubuci mai sayar da nasa a nemi yardarsa.

Masu ƙaramar waya da waɗanda ba su da kuɗin data kuwa, da farko na manta da su. Yanzu kowace safiya ɗaliba ɗaya ke tashi ta karanta shafin jiya da ƙarfi, minti 10, kafin mu shiga darasi.