Bos Ɗin Yanzu Gemu Gare Shi

Yaren Indiyanci na farko da na iya, a tsakar gidanmu na Fagge na koye shi, a kan tabarma, gaban wata talabijin da sai an ɗan mare ta a gefe take kawo hoto. Baba tun yana saurayi yake shiga sinimar Plaza, kuma har gobe in aka taɓo hirar fim sai ya ce Mother India ya kalla ya fi a ƙirga, kuma bai taɓa wuce wurin da uwar nan ta harbe ɗanta ba tare da idonsa ya kawo ruwa ba. Mu kuma a kaset muka taso, daga baya faifan CD. A unguwarmu Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin.

Shi ya sa da na sauka Delhi a watan Agustan 2016, da takardar shiga wata jami'a a Greater Noida don karatun haɗa magunguna, gani nake gidan dangi na zo. Ban yi kwana uku ba na gane kurena. Na iya ce wa mutum zan ɗauki fansar ubana, na iya ce wa mace ba zan rayu ba sai da ita, amma ban san yadda ake tambayar kuɗin albasa ba. Mai a-daidaita-sahun da ya fara ɗauka ta, su oto suke ce masa, sai da ya tsaya a gefen titi don dariya. Ya ce magana nake kamar wani jarumin 1980.

Sauran wahalhalun kowane baƙo ya san su. Rajistar baƙi cikin kwana 14 da sauka. Neman ɗaki, inda tambayar farko ita ce ko kana cin nama, ta biyu ko daga Afirka kake, alhali ga ka a tsaye ana kallo. Naman ɓauna a madadin na saniya, shi ma sai ka san lungun da ake sayarwa. Ran 8 ga Nuwamba da dare aka soke takardun Rupi 500 da 1,000, ni kuwa kuɗin hayata kaf da su na ajiye a ƙasan akwati, na yi kwanaki ina bin layin banki cikin hazo da hayaƙin da ke sa ido yaji.

A ƙarshen Disamba wani abokin karatuna, Musulmi ɗan Lucknow, ya ce in zo ya kai ni sinima ta gaske. Dangal ake yi, fim ɗin Aamir Khan kan wani uba da ya koya wa 'ya'yansa mata kokawa. Mun zauna ke nan ina ƙoƙarin buɗe gugguru, sai aka rufe ƙofofi, tutar Indiya ta cika allo, kowa ya miƙe zumbur. Abokina ya kama hannun rigata ya ja ni sama, ya raɗa mini, "Bhai, tashi." Wata guda kafin nan, ran 30 ga Nuwamba, Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a riƙa sa taken ƙasa kafin kowane fim, kowa kuma ya tsaya. Daƙiƙa 52 ne. Ban san kalma ko ɗaya a ciki ba, don asalinsa waƙar marubuci Tagore ce da Bangalanci mai nauyin Sanskrit, ba irin yaren da na tsinta a fim ba. Can kusa da ƙarshe, yarinyar ta ci zinare a gasar ƙasashen renon Ingila ta 2010, aka sake sa taken a cikin labarin kansa, rabin ɗakin ya sake miƙewa, rabi yana waige-waige. Na bi masu tsayuwa. In ka je gari ka tarar kowa da jela, ai sai ka nemi igiya ka ɗaura. Sai a Fabrairun 2017 kotun ta fayyace cewa ba dole ba ne a tashi idan taken yana cikin fim, a Janairun 2018 kuma ta mayar da sa shi gaba ɗaya ganin damar masu sinima.

Maganar gaskiya, a ranar abin burge ni ya yi, har da ɗan kishi. Na tuna yadda muke gunguni da namu taken a layin asambuli, kowa idonsa kan bulalar malami. Nan kuwa ga dattijuwa da sanda ta dafa kujera ta miƙe, leɓenta yana motsi.

A watan Maris na 2017 wani yaro ɗan Greater Noida ya mutu, aka yaɗa cewa 'yan Najeriya ne suka ba shi ƙwaya, har da ƙaryar wai mun cinye shi. Gungun mutane suka far wa ɗalibai 'yan Afirka, aka yi wa wasu dukan kawo wuƙa a cikin wani katafaren kanti, bidiyon ya zaga duniya. Kwana biyar ban leƙa ƙofa ba. Abokin nan nawa shi ke kawo mini shinkafa da wake a leda, ya ƙwanƙwasa sau uku don in san shi ne. Da ƙura ta lafa na tattara na koma Okhla, kusa da jami'ar Jamia, inda kiran salla ke tashe ni kamar a gida, na gwammace doguwar tafiya zuwa makaranta kullum.

Tun daga nan na fara kallon fim da wani ido. A fina-finan da Baba ya raine mu da su, bos mai ba da bashi da ruwa ne, ko mai gonaki da ke danne talaka, ko ɗan fasa-ƙwauri mai gidan ƙarƙashin ƙasa. Kishin ƙasa a wurin Manoj Kumar, wanda har laƙabin Bharat Kumar aka yi masa, noma ne da aikin soja. Upkar na 1967 ya fito ne daga kirarin Firaminista Lal Bahadur Shastri na jinjina wa soja da manomi. A Amar Akbar Anthony na 1977, 'yan'uwa uku da suka tashi ɗaya Hindu, ɗaya Musulmi, ɗaya Kirista suka haɗu suna ba wa uwa ɗaya jini. Likita zai yi dariyar yadda aka haɗa robar jinin, amma kowa ya gane wace ce uwar. Wannan Indiyar ce aka sayar mana a Kano, kuma mun saya da hannu biyu, saboda mun ga kunya da biyayyar iyaye da auren dole irin namu.

Janairun 2019 muka je kallon fim ɗin Uri. Labarinsa ramuwar da sojojin Indiya suka ce sun yi a tsallaken layin da ya raba Kashmir tsakaninsu da Pakistan, bayan harin Satumban 2016 da ya kashe musu soja 19. A yi adalci, fim ne da aka tsara da kyau, ba waƙa a kan dutse, ba ɓata lokaci. Amma ɗakin nan ba kallo ake ba, gangami ake. Duk harsashin da ya samu ɗan Pakistan sai ihun "Bharat Mata ki jai", wato jinjina ga Uwa Indiya, ya tashi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abokina, wanda muryarsa ta fi ta kowa a layinmu. A jirgin ƙasa muna komawa na tsokane shi. Ya yi shiru har muka wuce tasha biyu, sannan ya ce, "Kai baƙo ne, in ka yi shiru za a ce ba ka ji ba. Ni in na yi shiru, lissafa mini za a yi." Ya ƙara da cewa yana son ƙasarsa, kakansa ya ƙi tafiya Pakistan a 1947, lokacin da aka raba ƙasar, alhali ƙannensa sun tafi. Abin da ke cin ransa shi ne kullum sai ya kawo shaida. Wata guda bayan haka aka kai harin Pulwama, jami'an tsaro 40 suka mutu, jiragen Indiya suka kai hari Balakot, aka shiga zaɓe, ministoci suna ɗaga murya da kirarin da ke cikin fim ɗin a wuraren taro.

Kada in yi wa kaina wanka da yawa. Ba a 2014, shekarar da jam'iyyar BJP ta Modi ta hau mulki, aka ƙirƙiro wannan ba. Border ya fito tun 1997, Gadar a 2001, kuma a Fagge na kalle su. Ranar da Sunny Deol ya tumɓuke famfon burtsatse a tsakiyar taron 'yan Pakistan, ni ne na fi kowa tsalle a ɗakinmu. Ban taɓa tambayar su wane ne ake dokewa ba, jarumi jarumi ne, bos bos ne. Ashe wurin zama ne ya bambanta. A Kano ina cikin masu rinjaye, fim ɗin tatsuniyar wata ƙasa ce mai nisa. A Delhi in aka kunna fitila, mutumin da ke gefena yana iya juyowa ya dubi gemuna. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne yawa, da kuma hannun hukuma a ciki. Sannan an koma tono tarihin sarakunan Musulmi: Alauddin Khilji a Padmaavat yana yagar nama kamar kura, ido cike da kwalli, Aurangzeb a Chhaava na 2025. Bayan fitowar wannan na ƙarshe rikici ya ɓarke a Nagpur kan kabarin sarkin da ya mutu tun 1707.

The Kashmir Files, na Maris 2022, kan gudun hijirar 'yan Hindu daga Kashmir, shi ne wanda na ƙi zuwa sinima in kalla, don na ga bidiyon abin da ake faɗa a ɗakunan bayan an tashi. Jihohi da dama da BJP ke mulki sun yafe masa haraji, Firaminista Modi da kansa ya yaba shi. Lokacin na gama karatu ina aikin tafinta, ina raka marasa lafiya daga gida zuwa asibitoci. Akwai wani mai kantin magani da nake saye a wurinsa, Pandit ne, wato Hindu ɗan Kashmir, yana yaro iyayensa suka gudo daga Srinagar a 1990 suka zauna a tanti a Jammu. Ya ce mini ya kalla ya yi kuka, shekara 32 yana jira wani ya ce abin ya faru. Ban yi masa gardama ba, ba ni da bakin yi. Ni da na san mutanen da suka baro Bama da Gwoza da kayan jikinsu kawai, ba zan ce wa mai gudun hijira ciwonsa ƙarya ne ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda aka ɗauki ciwonsa aka wasa shi ya zama wuƙa. Da aka zo The Kerala Story a 2023, tallan farko ya ce mata 32,000 aka yaudara zuwa ISIS, da magana ta je kotu sai aka koma cewa labarin mata uku ne.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Raazi na 2018, wanda Meghna Gulzar ta shirya, labarin 'yar leƙen asirin Indiya ne a gidan sojan Pakistan, kuma an bar mutanen gidan a matsayin mutane, masu son ƙasarsu kamar yadda take son tata. Ya yi kasuwa sosai. Pathaan na Shah Rukh Khan ma, da aka yi ta kiran a ƙaurace masa saboda ɗan kamfai ruwan goro, launin da 'yan Hindu ke girmamawa, da Deepika Padukone ta sa a wata waƙa, na ga mutane suna rawa a gaban allo a Janairun 2023. Amma ko shi Shah Rukh Khan, tun Chak De! India na 2007 yake fitowa a Musulmin da aka kira maci amana, sai ya ciyo wa ƙasa kofi kafin a goge rubutun da aka yi a bangon gidansu.

Kwanakin baya na raka wani dattijo daga Kano da aka yi wa aikin gwiwa. Bayan an sallame shi muna masauki, zaman ya ishe shi, ya ce in nemo masa tashar fim, shi rabonsa da Indiya tun zamanin sinimar Orion. Na kunna. Ya yi kusan rabin sa'a yana kallo, ina fassara masa sama-sama. Can ya ɗaga hannu.

"Malam, tsaya. Wancan mai gemun da ya idar da salla yanzu, shi ne bos?"

Na ce, "Shi ne, Alhaji."

"Wancan mai carbin fa?"

"Yaronsa ne."

Ya gyara filon da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya dubi ƙofa, inda yaron masaukin, wani Hindu ɗan Bihar da kullum yake kama shi zuwa banɗaki yana ce masa Baba-ji, ya shigo da shayi. Alhaji ya karɓa ya yi masa godiya da Hausa, yaron ya amsa da kai kamar ya ji. Ya tsaya a bayanmu da farantin a hannu yana kallon allon, daidai lokacin da jarumi ya ɗora wa mai gemun bindiga a goshi. Ba wanda ya ce uffan a cikinmu.

Sai Alhaji ya ce, "Kashe wannan. Duba mini a wayarka ko akwai na Dharmendra."

Na samo. Yaron ya ajiye faranti ya zauna a bakin gado, ashe ya haddace waƙar farko, shi ma Alhaji ya haddace ta da irin nasa lafazin, suka kama tare.