Mai rufin asiri a ƙofar lauya

Shekara uku ke nan da na sayi wani ɗan fili a bayan garin Kaduna, ta wajen hanyar Zariya, da kuɗin adashin da na yi wata goma sha takwas ina zubawa. Dillali ya kai ni na ga turaku huɗu, aka rubuta takardar ciniki a gaban shaidu biyu, na biya la'ada, na koma gida ina murna. Ban nemi lauya ba, domin a lokacin ina ɗauka lauya na manyan 'yan kasuwa ne da 'yan siyasa. Ranar da na sauke bulo, sai ga wani bawan Allah da takardar da ta girmi tawa da shekara biyu.

A nan ne na gane irin matsayin da mai rufin asiri yake ciki idan shari'a ta same shi. Gwamnatin tarayya tana da hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta, wadda aka kafa tun 1976 aka sabunta dokarta a 2011, amma an gina ta ne musamman domin wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 a wata tun daga 2024. Albashina ya haura wannan, saboda haka a takarda ni mai hali ne. Da na je ofishin lauya kuwa, abin da aka yanka mini domin a tsaya mini a babbar kotu har ƙarshe ya kusa kuɗin filin kansa. Malamin sakandare, da ma'aikaciyar jinya, da mai shago ɗaya a kasuwar Sheikh Gumi, duk a wannan tsakiyar muke, kuma rigingimunmu kusan iri ɗaya ne: fili, haya, gado, bashi, da sallama daga aiki ba tare da haƙƙi ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne bayanin da lauyan ya yi mini cikin minti ashirin. Ya ce dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, kuma filin da ke da takardar mallaka ta gwamnati ba ya komawa hannun wani yadda doka ta yarda sai da amincewar gwamna. Ya ce a nan Kaduna ana iya neman hukumar KADGIS, mai kula da rajistar filaye ta jiha, ta bincika ko an yi wa fili rajista da sunan wani, ko yana cikin wurin da gwamnati ta keɓe. "Malam, da ka zo kafin ka biya, da aikin bai wuce duba takarda da bincike ba," in ji shi. Na ce, "Barista, wallahi ban san ana zuwa wurinku babu ƙara ba." Wannan rashin sani shi ne ya cinye mini adashina, kuma na tabbata ba ni kaɗai ba ne.

Da yawa daga cikinmu idan lauya ya yi tsada sai mu nufi caji ofis, musamman a kan bashi, alhali dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba ta laifi ba ce. Wannan hanya sau da yawa ƙara ɓata zumunci take yi, kuɗin kuma bai fito ba.

Ba na ganin laifin lauyoyi gaba ɗaya. Suna biyan hayar ofis da albashin yara, kuma ƙarar da za a yi ta ɗagewa shekara da shekaru tana cin lokaci da man mota a kowane zama. Ba banza ba ake cewa shari'a mace ce mai ciki. Amma ina roƙonsu da su rarraba aikinsu yadda irinmu za mu iya saye: a san kuɗin shawara ta sa'a guda, a san kuɗin duba takardar ciniki ko ta haya, a san kuɗin rubuta wasiƙar neman haƙƙi, sa'annan a yarda da biya kashi-kashi idan magana ta kai kotu. Mai albashi ba ya gudun biya, abin da yake tsoro shi ne ya shiga ofis bai san nawa zai fita da bashi ba, don haka ya kamata a rubuta masa kuɗin aiki tun farko, a ba shi rasit.

Tawa rigimar da sulhu ta ƙare. Lauyan ya rubuta wa wanda ya sayar mini wasiƙa, dattawan ɓangarorin biyu suka zauna, aka mayar mini da kashi biyu cikin uku na kuɗina a biya uku, filin ya zauna wa mai takardar farko. Yanzu ƙanena ya ga wani fili a Rigasa, dillali yana ta matsa masa ya biya kafin wani ya riga shi, ni kuwa na karɓi kwafin takardun, ranar Alhamis za mu kai wa Barista ya duba.