Ƙara wa motar dizal turbo: yadda aikin yake a garejinmu na Birnin Kebbi

Garejinmu ƙarami ne, aikinmu kuma injin dizal ne, musamman turbo da abin da ke kewaye da shi. Yawancin motocin da ke shigo mana a-kori-kura ne masu shan wahala: Hilux, L200, D-Max, sai jefi-jefi Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya. Su ke kwaso shanshera daga fadamun Argungu da Suru, su ɗauko albasa daga Aliero, su bi hanyar Jega zuwa Koko da Yauri da lodin da ya fi ƙarfinsu. Maganar da masu su ke zuwa da ita kusan ɗaya ce: "Malam, motar nan ba ta ja, a sa mata babban turbo." Mu kuma ba ma kwance ko noti ɗaya sai mun gano dalilin da ya sa ta daina ja, domin sau da yawa turbon ba shi da laifi.

Turbo zugazugi ne irin na maƙeri, sai dai hayaƙin salansa ne ke zuga shi. Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙi mai zafi ya juya ta baya, ta gaba kuma ta zuƙo iska ta danna cikin injin. Iska ta yi yawa, sai a samu damar ƙona gas mai yawa, ƙarfi ya ƙaru. Sandar nan tana juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, kuma ba a kan boris take ba a yawancin motocin nan, a kan bushin take shawagi cikin baƙin mai. Mai ya yanke na 'yan daƙiƙu kaɗan, sanda ta ci bushin, shi ke nan.

Abu na farko shi ne sanin injin da ke gabanka. Hilux da yawa a ƙasar nan na fetur ne, waɗannan ba sa cikin maganarmu. A na dizal akwai 5L-E mai lita 3.0 wanda bai zo da turbo ba, akwai 2KD mai lita 2.5 da ƙarfin doki wajen 102, akwai 1KD mai lita 3.0, sai sababbin da suka fara fitowa a 2015, wato 2GD mai lita 2.4 da 1GD mai lita 2.8. Yawancin 2KD da muke gani turbonsu mai sauƙi ne, wata 'yar ƙofa ce ke sakin hayaƙi idan iska ta kai iyaka. Na 1KD kuwa yana da ƙananan fikafikai a ciki waɗanda wani motan lantarki ke buɗewa da tsukewa bisa umarnin kwamfutar mota. Idan baƙin hayaƙi ya daskare a fikafikan nan sai su maƙale, mota ta koma tafiyar hawainiya, fitilar injin ta kama. Wannan wanki yake so, ba sabon turbo ba.

Muna farawa da kwamfutar gwaji. Lambar P0299 na nufin iska ta gaza, P0234 kuma ta wuce ƙima. Daga nan sai ido da hannu. Mu buɗe iyakilina. A lokacin hunturu matatar iska na iya toshewa cikin makonni kaɗan a motar da ke shiga ƙauyuka, kuma direbobi sun saba bubbuga ta a jikin taya ko su hura mata iska mai ƙarfi har takardar ta tsage. Ƙurar da ta bi tsagar nan kai tsaye fankar gaba take zuwa. Idan ka haska tocila ka ga bakin fikafikan fankar ya dakushe, ya yi fari-fari kamar an goge shi, to ƙura ce ta cinye shi. Sai mu bi tiyo-tiyon iska ɗaya bayan ɗaya. Inda ka ga danshin mai ya kama ƙura a bakin kilif, ko ka ji fito idan an taka totur, iska na tsiyaya a nan, kuma ita ce ke kawo baƙin hayaƙi da rashin ja. Sannan mu kama sandar turbon da yatsu biyu. 'Yar rawa gefe da gefe ba komai ba ce muddin fankar ba ta taɓa bango. Rawar gaba da baya kuwa bai kamata yatsa ya ji ta ba.

Akwai wata matsala ta 1KD da nake so kowane mai irin motar ya sani. Washar da ke ƙarƙashin nozul, wato abin da ke fesa gas cikin silinda, idan ta saki, hayaƙi na kutsawa ya haɗu da baƙin mai, ya zama gawayi, ya gangara ya toshe rariyar famfon mai a cikin botom filet. Mai ya ragu, turbo ne ke fara mutuwa, injin ya biyo baya. Shi ya sa duk 1KD da ya zo da mataccen turbo sai mun leƙa rariyar nan, mu kuma duba nozul. Wanda ya ɗora sabon turbo bai duba ba, zai sake sayen wani kafin damina ta zagayo. Gas mai ruwa ko wanda aka gauraya da kananzir, irin na gefen hanya, shi ma yana kashe nozul, nozul mai zubar da gas barkatai kuma yana ƙona fistan.

Idan injin ya fito lafiya, matsin silinda daidai, nozul daidai, ba ya obahitin, to a nan ake zaman maganar ƙari. Ra'ayina a fili yake: motar lodi ba ta son ƙaton turbo. Babbar fanka tana buƙatar hayaƙi mai yawa kafin ta tashi, ba ta fara aiki sai injin ya yi sama sosai. Ita kuwa motar da ke ɗauke da buhuna a hawan Zuru, ko take fita daga yashi a hanyar ƙauye, tsakanin juyin injin 1,500 da 2,500 a minti take rayuwarta. Ka sa mata babba, a ƙasa ta zama ragguwa tana fesa hayaƙi, ƙarfin ya zo a inda direba ba ya zuwa. Abin da muke yi shi ne mu bar gidan turbon na asali, mu sa katrij, wato cikin turbon mai ɗauke da sanda da fankoki biyu, mai fankar gaba wadda ta ɗan fi girma, irin wadda aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyom. Idan fankar ta fi ta asali faɗi sai an kai gidan wurin mai injin sassaƙa ya buɗe shi daidai gwargwado. Katrij kuma dole ya zo an riga an daidaita nauyinsa a na'ura tun daga inda aka haɗa shi. Wanda aka haɗa da hannu a kan benci, ko da sabuwar fanka ce, zai yi kuka, ya cinye bushin.

Turbo kaɗai ba ya ƙara ƙarfi a injin da kwamfuta ke sarrafawa. Iska ta ƙaru amma gas bai ƙaru ba, abin da za ka samu kaɗan ne. Sai an sake tsara kwamfutar ta san sabon lissafi. Wasu kanikawa kan gajarce sandar ƙofar hayaƙi don iska ta hau. Kwamfuta na ganin haka ta na'urar auna iska, ta rage wa mota ƙarfi don kare injin, mai mota ya dawo yana faɗa. Waɗannan injina daga kamfani matsin iskarsu na kusa da bar 1 ne, wato wajen psi 14 da rabi (bar da psi duk ma'aunin matsin iska ne). Mu ba ma ɗora fiye da psi 2 zuwa 3 a kan na asali ga motar aiki, ko da mai ita ya matsa.

Dalili shi ne zafi, kuma a nan ne shawarwarin da ake gani na ƙasashen sanyi ba su dace da mu ba. A watan Afrilu iskar Kebbi na haura digiri 40. Idan turbo ya matse ta zuwa bar 1, tana fita da zafin da ya wuce digiri 120. Iska mai zafi ba ta da nauyi, ba ta ƙona gas sosai, tana kuma ƙara wa fistan azaba. Intakula ce ke sanyaya ta, kuma wasu 2KD na farko ba su ma zo da ita ba. A irin waɗannan, sa intakula a gaban lagireto ya fi canza turbo amfani, kuma shi nake fara ba mutum shawara. Bayan ita sai agogon auna zafin hayaƙi. Muna huda manifol, wato bututun da ke tara hayaƙin injin, kafin turbo mu dasa shi, mu ce wa direba kada allura ta zauna sama da digiri 700. Ta doshi can a kan hawa, ya sauke giya ya sassauta ƙafa. Idan an dasa shi bayan turbo zai nuna ƙasa da gaskiya da wajen digiri 150 ko fiye, sai a yi lissafi da haka. Kulocin asali ma ba koyaushe yake ɗaukar ƙarin ƙarfi ba. Alamarsa ita ce a giya ta huɗu ko ta biyar injin ya yi ƙara, gudu bai ƙaru ba.

Masu Land Cruiser mai injin 1HZ na lita 4.2 da masu 5L-E suna yawan tambaya a dasa musu turbo. Waɗannan injina matsinsu ya haura 22 bisa 1, kuma fistan ɗinsu ba don turbo aka ƙera shi ba. 1HZ yana jurewa idan an tsaya a psi 7 zuwa 8, aka gyara famfon gas a hankali, aka sa agogon zafi, lagireto kuma yana da tsabta. Aka wuce nan, tof silinda ya tsage ko fistan ya fashe. 5L-E kam ba ma karɓa. Kuɗin da za a zuba ya fi kyau a adana shi don gyaran injin.

Wajen saye, kaya na zuwa daga Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Sunayen da aka sani su ne Garrett, IHI, BorgWarner, Holset da Mitsubishi, amma kwali ba hujja ba ne, jabu ya yi yawa. A duba lambar da ke jikin tsohon turbo a daidaita da ta sabon. Na Baljiyam mai lafiya ya fi sabon jabu, in dai an duba rawar sanda da fikafikai, an kuma tabbatar gidan hayaƙi bai tsage ba. A 1KD a karɓi turbo tare da motan lantarkinsa, kada a raba su, domin tare aka daidaita su.

Ranar ɗauri, yaran gareji sun san tsarin. A juye tsohon mai, a sa sabuwar filta da baƙin mai 15W-40 na dizal, kusan lita 7 a 1KD da 2KD. Bututun da ke kai wa turbo mai a canza shi sabo, domin gawayin da ke cikinsa ba ya fita da wanki. Bututun da ke mayar da mai ƙasa a tabbatar bai lanƙwashe ba, in ya toshe mai zai bi ta fanka ya fita da shuɗin hayaƙi, a ɗora wa turbo laifi. Ba a shafa gam a bakin hanyar mai ko kaɗan, gasket sabo kawai, saboda ɗan guntun gam na iya toshe ramin. Intakula a cire ta a wanke tas ta bushe. Wannan ba wasa ba ne: idan tsohon turbo ya tara mai a cikinta, injin dizal na iya zuƙar man nan ya riƙa gudu da kansa ko an zare makulli. In haka ta faru, a sa babbar giya, a danne birki, a saki kuloci, ko a toshe bakin iska da katako, ba da tafin hannu ba. Kafin a ɗaura bututun mai, a ɗura mai kamar cokali biyu a ramin turbo, a juya fanka da yatsa. A cire soket ɗin nozul, a buga sitata na daƙiƙa 10 zuwa 15 har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar a tayar. A bar shi a silo minti biyar ba a taɓa totur ba, ana duba yoyon mai da na hayaƙi.

Daga nan mu fita gwaji da lodi a baya, domin mota fanko ba ta nuna komai. Mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da kwamfuta yana kallon iska da zafi. Lokacin miƙa makulli mukan nemi a kira direban da kansa, ba Alhaji kaɗai ba, tunda ƙafarsa ce ke kan totur. Da safe ya ba injin minti ɗaya ko biyu kafin ya taka. Bayan doguwar tafiya ya bar shi a silo minti biyu zuwa uku kafin ya kashe, don kada man da ke cikin turbo ya ƙone ya zama gawayi. Juyen mai kowace kilomita 5,000, matatar iska a duba duk mako a hunturu, in ta yi datti a canza. Bayan kilomita 1,000 na farko ya dawo da motar, mu sake ɗaure kilif-kilif da notocin manifol, mu leƙa bakin fanka da tocila.