Inda ƙasa ke huci: yini guda a Hell's Gate

Da na gaya wa Hajiyarmu ta waya ma'anar sunan Hell's Gate, wani gandun daji a Kenya, wato Ƙofar Jahannama, sai da ta yi salati. "Ɗan nan, ka dai riƙe addu'a," ta ce. Wani taro ne ya kai ni Nairobi daga Katsina, da aka tashi kuma na ga saura kwana ɗaya jirgina, sai na kama hanyar Naivasha, yankin da gandun yake, tafiyar wajen kilomita 90.

A bakin ƙofa na ɗauki hayar keke. Nan ana barin mutum ya shiga da keke ko da ƙafa, abin da ba a yarda da shi a yawancin gandun dajin Kenya. Ban yi nisa ba na ci karo da wani dutse tsaye shi kaɗai a fili, Fischer's Tower, mai tsayin mita 25, ya ɗara Hasumiyar Gobarau. Narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron wani tsohon dutse mai aman wuta, ruwa da iska suka cinye abin da ke kewaye da shi, ya rage shi ɗaya.

Jakunan dawa kuwa kamar awakin unguwa. Wani ya tsaya dab da ni har ina jin hucinsa, ina kallon ƙuda na bin zanen wuyansa, fatar tana karkarwa. Gadu ya wuce da gudu, wutsiya a miƙe. Ɓauna ce kawai na ba ta hanya tun daga nesa.

Amma abin da ya tsaya mini a rai yana Olkaria, cikin gandun. Tun kafin ka iso wari ke tarbarka, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, warin farar wuta ne. Tururi na fita daga tsagar ƙasa yana shuuu, kamar an buɗe murfin tukunyar dambu. Na kai hannu kusa, na janye da sauri. Ni da na saba da sanyin ruwan rijiya, irin na Kusugu da muke sha in mun je Daura, ban taɓa kawo wa raina cewa cikin ƙasa na tafasa haka ba.

Mutanen nan ba su tsaya kallo ba. Sun haƙa rijiyoyi masu zurfin fiye da kilomita 2, tururin ya biyo manyan bututai ya juya injina, lantarki ya samu. Tun 1981 tashar farko ta fara aiki, ita ce ta farko irinta a Afirka, kafin ma a kafa gandun a 1984. A wasu wurare an ɗaga bututan sama sun yi baka don raƙuman dawa su wuce ta ƙasa. Na daɗe tsaye a gindin ɗaya ina jin gurnaninsa, zuciyata tana wajen masu walda da teloli na unguwarmu da kan yini zaune jiran wuta.

Daren da na dawo gida an ɗauke wuta, muna tsakar gida kan tabarma ina nuna wa Baba hotunan. Ya daɗe yana kallon na tururin.

"Mu ba mu da irinsa?"

"Akwai Wikki a Yankari, Baba, amma ɗuminsa bai wuce digiri 31 ba, na wanka ne."

Ya miƙo mini wayar, ya ce in sake nuna masa raƙumin dawan da ke ƙarƙashin bututu.