Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Ƙanƙarar Wankin Fim

Makon jiya na tsaya a inda Baffa ya ɗauko ni daga Mai Wurno ya damƙa ni hannun Kawu a Wad Madani ta ƙasar Sudan, zamanin Shugaba Numairi. Shagon hotonsa ɗaki biyu ne. Na gaba da labule mai zanen dabino, na baya kuwa ɗakin duhu, jar fitila guda, ga tsamin ruwan magani da ke bin rigarka har gida.

Kawu ba shi da doguwar magana. Kullum abu ɗaya: "Ɗan nan, ƙirga kafin ka danna." Fim ɗin Kodak ɗauka 36 ne, na tsohuwar Yashica ɗinsa da ake leƙawa ta sama kuwa 12 kacal. Ka ɓata ɗaya, kuɗin kalacinka ya tafi.

Yaran yanzu ba su san wahalar zafi ba. Ruwan wankin fim baƙi da fari digiri 20 yake so. To, Madani a watan Mayu, ina za ka samo 20? Sai a sayo ƙanƙara a farfasa cikin baho, a tsoma kwalbar magani, ana duba ma'auni. In ruwa ya yi ɗumi hoto ya toshe, wani lokacin ma fatar fim ta saɓule.

Haka ta faru da bikin 'yar wani manomin auduga na Jazira. Fim uku na ɗauko, ko ɗauka ɗaya ban yi a banza ba. Kawu ya aiki ɗansa sayen ƙanƙara, yaron ya bi 'yan ƙwallo, ya dawo da jiƙaƙƙen buhu. Ya ce, "Yaya, na duba, ruwa ya yi sanyi." Na yarda, wautata ke nan. Da muka ɗaga fim a haske, amarya da ango sun zama gawayi.

Albashin wata biyu Kawu ya yanke mini, ɗansa ko harara bai samu ba. Sai ma ya sake ce mini in ƙirga kafin in danna. Allah ya jiƙanka Kawu, ai na ƙirga! Dannawa ba ta yi laifi ba ranar nan.

Wannan ɗan ne ya gaji shagon. Da wayoyi suka zo ya sayar da na'urar faɗaɗa hoto wa 'yan gwangwan a kan kilo. A 2012, da aka ce Kodak ta yi fatara a Amurka, har kirana ya yi yana dariya. Ni dai na riƙe nagatif ɗina cikin gwangwanayen biskit, har da ukun nan da suka ƙone, sai da yaƙi ya iso Madani a Disambar 2023 muka fito da kayan jikinmu.

Na yi gaba da yawa. Uwar amarya ta zo karɓar hoto ranar Asabar, Kawu ya shige ɗakin duhu ya sa sakata, ya bar ni da ita. Mako mai zuwa zan faɗi abin da ta ce mini.