Asabar: Nungwi ko Jambiani, yau dai mun yanke

Alhamdulillah yau maganar otal ta ƙare. Tun da muka tsayar da cewa Zanzibar za mu je muka cire Maldibs daga lissafi, saboda can kuɗin jirgin ruwan da zai kai mutum otal ma kaɗai wani abu ne, sai ya rage mana otal biyu kuma muka kasa rabuwa da ko ɗaya. Ɗaya yana Nungwi, can ƙuryar arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ɗayan kuma yana Jambiani a kudu maso gabas. Kuɗinsu kusan ɗaya, duka biyun a bakin ruwa suke, duka da karin kumallo. Abban yara tun farko Nungwi yake so, ni kuma zuciyata na Jambiani amma na kasa faɗa masa dalilin da zai gamsar da shi, sai dai ince kawai ya fi kwanta min, shi kuwa ba ya karɓar irin wannan amsar in dai kuɗi zai fita.

Da safe bayan na sallami yara sun tafi Islamiyya na zauna da waya na ce yau sai na fahimci zancen ruwan nan da kowa yake ta maimaitawa, wai a gabas teku yana guduwa. Ashe ba zuzutawa ba ce. A Jambiani da Paje da duk gefen gabas ɗin nan gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce, ba zurfi, can nesa kuma akwai duwatsun murjani da suka tare igiyar ruwa, toh idan ruwa ya janye sai ya ja baya sosai, mutum ya yi ta tafiya a kan yashi ruwa iya idon sawu. Sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a kwana ɗaya, tsakanin cika da cika wajen awa 12 da minti 25, shi yasa kullum lokacin yake ƙara matsawa gaba da kusan minti 50. A Nungwi kuwa gaɓar ta fi gangarewa, ko ruwan ya janye yana nan kusa, duk lokacin da ka ga dama ka shiga. Wannan ita ce babbar hujjar Abban yara kuma gaskiya hujja ce, bazan ce ba haka ba. Cewa yake ya za a yi mutum ya baro Kano ya tsaya a Addis Ababa ya sake hawa wani jirgin don ya ga teku, ya je ya tarar tekun ma baya nan.

Abinda ya ɗaure min kai kuma ya burge ni shine duk abin nan da wata yake tafiya. Lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, rana da wata suna kan layi ɗaya da duniya, jansu ya haɗu, sai cikar ta yi yawa janyewar ma ta yi nisa. A tsakankanin nan kuma, wajen bakwai ga wata ko ashirin da biyu, bambancin kaɗan ne. Wato da kalandar Musulunci da ke rataye a falo zan iya sanin yanda ruwan Jambiani zai kasance, subhanallah. Na buɗo jadawalin cika da janyewar ruwa na Zanzibar na dudduba, sai naga a kwanakin da wata ya cika ruwan yana janyewa ne da hantsi, ya cika da asuba ya sake cika bayan la'asar. Anan na ajiye wayar na yi shiru, don na samu dalilin da na daɗe ina nema.

Ni fa abinda nake so shine in shiga ruwa. In shiga da gaske har wuya, ba in tsaya a baki ina ɗaga zani ana ɗaukata hoto ba. Tunda nake ban taɓa shiga teku ba, kuma na san kaina, in dai akwai idon maza a wurin bazan shiga ba ko da kayan ninkaya masu rufe jiki ne, don kaya in sun jiƙe mannewa suke yi. Toh meye amfanin ruwan da yake nan awa ashirin da huɗu idan mutane ma suna nan awa ashirin da huɗu? Nungwi nan ne cibiyar ƴan yawon buɗe ido, otal na manne da otal, masu tallan yawo a kwale-kwale, masu kiɗa, mashaya a bakin ruwa, ga Kendwa nan kusa da ita inda suke yin casun dare a lokacin cikar wata. A Jambiani kuwa ƙauye ne dogo da ya miƙe a bakin ruwa, otal-otal ɗin ƙanana, kuma gabas yake kallo. Idan ruwa ya cika da asuba, na idar da sallah gari ya fara wayewa, Turawa duk suna barci, daga ni sai mijina sai masunta can nesa. Wannan awa ɗayar ta fi min yini guda a inda zan zauna a kujera ina kallon wasu suna wanka.

Wajen azahar na kira Anti, ƙanwar Mama, ita ta taɓa zuwa da mijinta kuma Nungwi suka sauka. Ta ce min ke ƴar nan ruwan Nungwi ba a magana, garai-garai kina ganin ƙafarki, faɗuwar rana kuwa sai wanda ya gani, amma da yamma bakin ruwan kamar Kantin Kwari ana jibi sallah. Ta ce ita duk zamanta ba ta shiga ba sai ranar da suka ɗauki jirgin ruwa aka kai su can tsakiya. Ta ba ni labarin masu sassaƙa jiragen ruwa na katako a bakin gaɓar Nungwi, da hannu suke yi har yanzu, da wurin da ake kiwon kunkurun teku kusa da hasumiyar fitilar jirage. Na ce Anti to ai wannan duk na yini ɗaya ne, sai mu ɗauki mota mu je mu gani mu dawo. Ta ce haka ne amma da nisa fa, daga kudu zuwa arewa ki sa awa biyu ko fiye. Na ce ba komai. Sannan ta ja min kunne kan sutura in mun shiga gari, wai mutanen can suna jin haushin baƙin da ke yawo tsirara a unguwanninsu, na ce Anti wannan ai ba da ni ake ba.

Abinda ya sa ma tun farko Zanzibar ta shiga raina kenan. Mutanen kusan duk Musulmi ne, yawanci Shafi'awa, akwai ƴan Ibadiyya kaɗan daga zamanin sarakunan Oman da suka mulki wurin har Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa nan daga Maskat a ƙarni na 19. A 1964 aka yi juyin juya hali aka kawar da sarautar, a shekarar kuma suka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya. Ba zancen tambayar ko naman nan na halal ne a gidan abincin gari, masallaci kuma ko'ina. Na duba taswira naga daga otal ɗin Jambiani zuwa masallaci tafiyar ƙafa ce, Abban yara zai samu jam'i, kuma na san shi, in ya kwana biyu bai yi sallah a jam'i ba duk sai ya zama wani iri.

Sai kuma matan nan masu noman ciyawar teku, wallahi su suka ƙarasa sace min zuciya. A Paje da Jambiani aka fara noman nan a 1989 da irin da aka kawo daga Filifin, kuma yawanci mata ne ke yi. Idan ruwa ya janye sai su fita da zannuwansu da lulluɓinsu su kafa turaku a cikin yashi su ɗaura igiya su ɗaɗɗaure ƴan reshen ciyawar a jiki, bayan sati shida ko makamancin haka su cire su shanya a sayar. Daga jikinta ake fitar da wani sinadari mai kaurara abu da ake sawa a man goge baki da askirim, wasu matan kuma sabulu da man shafawa suke haɗawa da ita. Yanzu ɗumamar ruwan teku tana kashe musu irin da ya fi tsada a wurin da ba zurfi, dole wasu suna matsawa can ciki alhali da yawansu ba su iya ninkaya ba, abin ya taɓa ni sosai. Ni da nake ƴar sana'ar turaren wuta da humra a gida ina so in ga matan nan da idona, in zauna da su ko da ba ma jin yaren juna, in sayi sabulunsu a hannunsu. Kenan lokacin da ruwan ya tafi ma ba zaman banza za a yi ba.

Bayan isha'i da yara suka kwanta na kai masa shayi na ce Abban yara yau da hujjata na zo. Ya ce to Hajiya bismillah muna ji. Na zayyana masa komai, na nuna masa jadawalin. Ya daɗe yana kallo sannan ya ce to iska fa? Don shima ashe ya yi nasa binciken, daga watan Yuni zuwa Satumba iskar kudu tana kaɗawa sosai a gefen gabas, ita ce ma take kawo masu wasan nan da suke ɗaura ƙaton kyalle a sama iska tana jansu a kan ruwa, Paje cike take da su, kuma iskar tana koro ciyawa bakin gaɓa. Na ce shi yasa bana son Agusta, mu bari sai farkon Oktoba, iska ta lafa, ruwan saman ƙarshen shekara bai kankama ba, babbar daminarsu kuwa Maris zuwa Mayu ce ta wuce tuni. Kuma yara sun koma makaranta, Hajiya da za mu bar mata su ba za ta sha wahalarsu yini guda ba. Ya ce faɗuwar rana fa, ni ita nake son gani a kan teku. Na ce ranar ƙarshe mu kwana a Stone Town, tsohon garin nan da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, yamma yake kallo, mu ga faɗuwar rana a lambun Forodhani mu ci gasasshen kifi mu sha ruwan rake, da safe mu shiga kasuwar Darajani in sayi kanumfari da kirfa, filin jirgi kuma yana nan kusa.

Bai ce komai ba na ɗan lokaci, sai ya ce wato ke duk tsawon nan tsoronki kar mu je ki dawo ba ki shiga ruwan ba. Na ce eh. Ya ce to me ya hana ki faɗa tun farko, ai da ban ja ba, ni na ɗauka hotunan ɗakin ne suka ruɗe ki. Ya ce shi namiji ne ko'ina zai cire riga ya faɗa ruwa, bai taɓa kawo wa ransa cewa wurin da ya fi sauƙi a gare shi ni a wurina ya fi wahala ba. Wallahi maganar nan ta yi min daɗi har cikin raina. Shekarun nan duka tafiyarmu daga biki sai gaisuwar rasuwa sai kai yara asibiti, wannan ce ta farko da ba don kowa za mu yi ba, bana so ta zama shi yana hutawa ni ina gadin jaka da takalma.

Shima na ba shi nasa. Yana son a kai shi wajen tsibirin Mnemba ya sa gilashin nan ya leƙa kifaye a ƙarƙashin ruwa, daga arewa ya fi kusa amma daga ko'ina ana zuwa, na ce ranar sai mu haɗa da Nungwi gaba ɗaya ya ga masu sassaƙa jiragen. Dajin Jozani kuma a kan hanyarmu yake daga gari zuwa Jambiani, inda jajayen biran nan suke da babu irinsu sai a Zanzibar, wannan kam ko bai ce ba zan ce a tsaya.

Ba mu biya kuɗin ɗakin ba tukunna, mun dai kama shi a tsarin da za a iya fasawa ba asara, saboda biza. Masu fasfon Najeriya suna cikin waɗanda sai an tura takardunsu an tantance kafin a ba su bizar Tanzaniya, ba a samu a filin jirgi, kuma hukumar shige da ficensu da kanta tana ba da shawarar kar a yanki tikiti sai amsa ta fito. Ga inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta sa wa baƙi tun 1 ga Oktoban 2024, dala 44 kowane mutum, ko kana da wata inshorar sai ka saya. Ga katin rigakafin shawara, nawa yana nan, nasa ne ya ce sai ya duba cikin takardun Umara. Na tura wa otal ɗin saƙo na tambaye su ko ɗakin da ke ƙarshe ta gefen ruwa yana nan a kwanakin sha biyar zuwa sha tara ga wata, da kuma ko za su iya cire giya daga ƙaramin firjin ɗakin kafin mu iso. Can suna gabanmu da awa biyu, dare ya yi musu sosai, sai gobe zan ga amsa. Litinin in sha Allah zai cike fom ɗin biza a ofis, ni kuma zan je wurin tela da yadin da zan ɗinka doguwar rigar shiga ruwa, mai kauri wadda ba ta mannewa.